Sandunan Yaya

Yayana, Allah ya jiƙansa, gajere ne. Da wannan zan fara, don duk abin da zan faɗa daga nan ya taso. Idan muka jera a hanya kansa a kafaɗata yake tsayawa, mutanen ƙauyenmu kuma ba su taɓa gajiya da tsokanarmu ba, wai ni na kwashe tsayin gidan tun ba a zo rabo ba. Shi ko a jikinsa. Cewa yake yi in aka ajiye kwanon tuwo a ƙasa ya riga ni isa.

Shi ne ɗan fari a ɗakinmu. Inna, mahaifiyarmu, irin matan da ce masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da aka yaye shi aka miƙa shi ɗakin kakarmu, can ya girma, gida ɗaya muke amma kamar a wata unguwa yake. Ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. "Wancan" take ce masa. "Wancan ya ci abinci?" "Ku ce wa wancan ana sallama da shi a zaure." In ya durƙusa gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Mu da muka biyo baya mun hau cinyarta, mun ja mata ɗankwali, shi kuwa ban taɓa ganin hannunta ya taɓa nasa ba. Ba wanda ya ɗauki wannan a bakin komai, haka aka saba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Ɗanbatta da Makoda, inda gona ke manne da gona, in ka yi tuntuɓe a taka sai ka faɗi a ta maƙwabci. Abin da Baba ya bari bai isa ya riƙe mu ba, shi ya sa Yaya ya tafi birni, daga baya ya ja ni. Aikin da ya samu shi ne ɗaukar jaka a filin golf: ka saɓa jakar sandunan mai wasa, ka bi shi daga rami zuwa rami, ka miƙa masa sandar da ya nema, ka sa ido ka ga inda ƙwallo ta faɗi. Ni na ɗan taɓa ɗaukar jakar, sai na koma rumfar gyaran sanduna, inda nake har yau. Shi kuwa wasan ne ya shiga ransa.

A gida ba wanda ya gane kan aikin. Baffa, ƙanen mahaifinmu, wanda gidan ya koma hannunsa bayan rasuwar Baba, ya taɓa tambayarmu da gaskensa: "Wato manyan mutane da hankalinsu su bugi ƙwallo ta yi nisa, su bi ta a ƙafa, su sake bugunta? To me ya hana su bar ta kusa tun farko?" Yaya ya yi dariya har da hawaye.

Wani da Yaya ya daɗe yana ɗaukar wa jaka, da ya tsufa ya daina wasa, sai ya bar masa sandunansa na ƙarfe. Irin waɗannan sanduna ba ɗai-ɗai suke zuwa ba, jeri ne, kowace da lambarta a ƙarƙashin kai, kowace kuma ta ɗara ta bayanta tsayi da kamar rabin inci. Doguwar ita ke aika ƙwallo nesa, ƙasa-ƙasa. Gajeriyar ta ɗaga ta sama ta sauke ta kusa. Mutum ɗaya ne ke amfani da su duka, yana zaɓa gwargwadon nisan da ya rage masa zuwa rami. Amma jerin gaba ɗayansa sai ya dace da jikin mai shi.

To mai sandunan nan dogo ne, har ya fi ni. In Yaya ya tsaya da su, sai hancin kan sandar ya ɗaga sama, diddigen ya tokari ƙasa. Da ya buga, diddigen zai riga cin ƙasa ya murɗe kan, ƙwallo ta yi hagu. Kullum hagu. Ya ja da baya, bai yi ba. Ya koma riƙe sandar can ƙasa kusa da ƙarfe, gindin robar mariƙin yana zungurar masa ciki. Abokan aikinmu suka riƙa cewa in Yaya zai buga, duk mai son ransa ya koma dama. Na yi ta ce masa ya kawo in rage musu tsayi, ya ƙi. Wai kyautar babban mutum ce, ba a sa mata zarto.

Sai ranar da aka yi gasar masu ɗaukar jaka, ya wuni yana neman ƙwallonsa cikin ciyawa. Da la'asar ya shigo rumfata ya jibge jakar a gabana. Ya ce, "Yanka."

Na tsayar da shi a kan siminti da takalman da yake wasa da su, ya saki hannuwansa, na auna daga wuyan hannunsa zuwa ƙasa. Wannan awon ya fi tsayin mutum muhimmanci, don akwai gajere mai dogon hannu, Yaya kuma haka yake. Na manna tef a ƙarƙashin kan sandar na sa shi ya buga a kan katako, don in ga inda take gogar ƙasa. Kafin in ɗora zarto na ce masa, "Yaya, ka sani fa, in na yanka sun zama naka kai kaɗai. Ba mai jin daɗin wasa da su sai mai irin jikinka."

Ya ce, "To da wa nake yi wa ajiya?"

Ta wajen mariƙi ake yankewa. Na rage su ɗaya bayan ɗaya, na bar tazarar da ke tsakaninsu yadda take. Sanda in ta gajarce kanta yakan yi sauƙi a hannu, don haka na manna wa kowace dalma a baya har ya ce ya ji nauyin ya dawo. Na ɗan lanƙwasa wuyansu don su kwanta sosai a ƙasa. Na sa musu siraran robobi, saboda tafin hannunsa ƙarami ne, kamar na mace. Da ya fita ya gwada, ƙwallon ta tafi sak inda ya kalla. Ya juyo ya dube ni, ya sake ajiye wata. Bai zama wani shahararre ba, kada in yi ƙarya. Amma daga ranar ba a ƙara cewa a koma dama ba.

Wadda ya fi so ita ce mafi gajarta, wadda ake fitar da ƙwallo daga rairayi da ita. In ya zo gida da rani, bayan an kwashe amfani, sai ya kafa tsohon kwando a gonar bayan gida, ya yi ta ɗaga ƙwallo daga yashin gonar yana jefawa ciki. Ya ce yashin garinmu ya fi na filin birni koyar da mutum. Saboda yawan riƙo, babban yatsansa na hagu ya ci robar sandar har ya yi mata gurbi, sauran yatsun ma duk sun bar sawunsu.

A lokacin cirar gyaɗa Yaya ya rasu. Ya zo gida don aikin, da jakarsa kamar kullum, zazzaɓi ya kama shi, aka kai shi asibiti, da safe aka kira ni. Na hau motar Ɗanbatta, na sauka na hau acaɓa, na isa kafin a yi masa wanka. Ina tsaye wani ya shigo da karan dawa ya auna shi don masu haƙar kabari. Na buɗe baki zan ce ba sai an auna ba, na san tsayinsa, sai na fasa. Na ɗauki makara tare da mutane. Na zuba ƙasa. Ana ta ce min in yi haƙuri, ina cewa na gode, amma ban san abin da zan yi haƙuri da shi ba, don ban ji komai ba. Na ci abinci a ranar, na ƙoshi. Inna ma ba wanda ya ga hawayenta. Tana zaune a kan tabarma ana yi mata gaisuwa, tana cewa, "Wancan ai lokaci ne ya yi."

Bayan addu'ar bakwai na koma bakin aiki. Ina yanka sanduna, ina sa roba, ina gaisawa da mutane. In aka ce min Allah ya jiƙan Yaya sai in ce amin, kamar ana maganar wani da na taɓa gani a mota. Wani lokaci nakan zauna in ce bari in tuno fuskarsa, sai ta ƙi zuwa. Abin da ke zuwa shi ne awon nan, daga wuyan hannu zuwa ƙasa.

Da na koma gida wajen arba'in, na tarar an gama da maganar gona da ɗaki. Ƙananan kayansa kuwa, riguna da huluna da takalma, matarsa da Inna sun yarda a raba wa dangi don duk wanda ya gani ya yi masa addu'a. Baffa ne ya yi rabon. Na same shi a zaure, muka gaisa, sai ya sa aka ɗauko min jakar. Tun daga yadda aka riƙo ta da hannu ɗaya na san ba komai a ciki. Sanda ɗaya ce tak take karkaɗawa.

Baffa ya ce, "Ga taka nan. Mafi tsayin na ajiye maka, tunda kai ne dogon gidan."

Na ce, "Baffa, sauran fa?"

Ya ce, "An raba mana. Ai na zauna na duba su da kyau. Na ga ba tsayinsu ɗaya ba, na ce ashe Nasara ma sun san abin da muka sani, kowa da ƙotar da ta yi masa daidai. Na jera mutane, na ba dogo doguwa, na ba gajere gajeriya. Ba wanda aka zalunta."

Yana faɗa yana jin daɗin kansa, kuma a irin saninsa bai yi kuskure ba. A garinmu in za a yi maka fartanya, sai an dubi tsayinka da bayanka kafin a sara ƙota. Na yi masa bayani cewa duk na mutum ɗaya ne, duk an yanka su daidai jikin Yaya. Ya ce, "Mutum ɗaya da sanduna haka? Hannu nawa gare shi?"

Na fita bayan gida da doguwar sandar da aka bar min. A wurin Yaya doguwa ce, a wurina ta yi kaɗan. Sai da na rusuna na lanƙwasa gwiwa sosai kafin kanta ya kwanta a ƙasa, idona ya sauko kusa da yashi, daidai inda nasa yake tsayawa. Na daɗe a haka ina jiran in ji wani abu. Bayana ne kawai ya yi ciwo.

A nan na ƙudurta sai na mayar da su jaka gaba ɗaya. Ba wasa zan yi da su ba, ba zan iya ba. Amma fuskarsa ta ƙi zo min, muryarsa ma ta fara ɓacewa, abin da ya rage min na Yaya wanda na tabbata da shi shi ne sandunan nan a jere. Gani nake in suka koma wuri ɗaya zan gan shi a tsaye, ko sau ɗaya ne, wataƙila in samu in yi kukan da na kasa yi.

Da na faɗa wa Baffa, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Kai, ka ji kunya mana. An ba mutum abin mamaci don ya riƙa tunawa da shi, kai ka bi gida-gida kana karɓewa? Me za a ce da mu?" Na ce ba karɓewa zan yi ba, musanye zan yi. A rumfarmu akwai tsofaffin sanduna marasa 'yan'uwa jibge a kusurwa, ba mai nemansu. Na koma birni na nemi izini, na ɗauro su da igiya, na dawo ranar kasuwar Ɗanbatta ina rungume da su a mota, mutane suna tambayata ko maƙera zan kai.

Na shiga gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan baffanmu yana kora awaki da tasa. Wani ya jingine tasa a bayan ƙofa saboda maciji. Wata gwaggonmu tana kaɗo 'ya'yan aduwa da tata, ta kuma ce ba ta taɓa samun abin da ya yi mata aiki haka ba. Akwai wanda ya yi ta tonon ragowar gyaɗa da tasa har wuyan ya karkace, na duba na ga zan iya miƙar da shi. Kowa na miƙa masa wata sai ya gwada su gefe da gefe, ya ga sabuwar ta fi tsayi, ya karɓa da murna yana sa min albarka. Wasu sun kalle ni kallon wanda rashi ya taɓa wa kai. Ban damu ba. Ina karɓa ina duba lamba ina sakawa a jaka, kamar mai tattara kwanukan biki.

Kafin la'asar duk sun dawo sai ɗaya, gajeriyar. Na riga na san inda take. A rabon Baffa, mafi gajarta a gidan ita ce Inna.

Na yi shirin wannan tun a birni. Gwiwar Inna ta daɗe tana damunta, an kuma faɗa min da sandar take dogarawa. To ta yi mata tsayi, don sandar dogarawa a wuyan hannu ya kamata ta tsaya. Sai na samu wata na cire mata kai, na yanka ta daidai Inna da awon ido, na sa mata roba a ƙasa don kada ta zame, na yi mata mariƙi mai laushi. Aiki ne mai kyau, ko ni na faɗa.

Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, sandar Yaya tana kwance a gefen cinyarta. Na durƙusa na gaishe ta, na miƙa mata sabuwar.

Na ce, "Inna, ga wannan na yi miki. Waccan ta yi miki tsayi, za ta sa miki ciwon kafaɗa."

Ta karɓa, ta dafa ta miƙe, ta taka zuwa bakin rumbu ta dawo. Bayanta ya miƙe fiye da yadda na saba gani. Ta ce, "Lallai wannan daidai ni. Allah ya yi albarka." Ta zauna, ta ajiye ta a gabana, ta jawo ta Yaya.

Na ce, "Inna, ita kaɗai ta rage. Sauran duk suna jaka."

Ba ta dube ni ba. Ta ɗora hannunta na hagu a kan robar, babban yatsanta ya lalubi gurbin nan ya zauna a ciki, sauran yatsun suka bi sawun da ke wurin. Ba wanda ya koya mata riƙon. Wurin ne ya ci, hannu ba shi da inda zai je sai nan.

Ta ce, "Wannan ramin, shi ya yi shi?"

Na ce, "Shi ne, Inna. Yatsansa ne."

Ta ce, "Na yi zaton haka aka ƙera ta." Kaji suna ta tsattsagar ɓawon gyaɗa a kusa da ƙafarta, ba ta kore su ba. Can ta ce, a hankali, kamar da sandar take magana, "Ashe hannun wancan ƙarami ne."

Ni na san haka tun ranar da na zaɓa masa robar. Abokan aikinsa sun sani, matarsa ta sani, mai sayar masa da safar hannu ma ya sani. Wadda ta haife shi ce ba ta sani ba sai yau.

Na ɗauki sandar da na yi mata na jingine a jikin ɗakinta ko za ta buƙata wata rana, na saɓa jakar na yi mata sallama. Ta amsa tana kallon bango, hannunta yana inda yake. Sai da na wuce zaure na shiga gonar bayan gida, inda tsohon kwandon yake kife har lokacin, sannan na tsaya. Na zauna a yashi da jakar a bayana, na yi kuka har aka kira magariba.

Jakar tana rumfata yanzu. Na miƙar da wadda ta karkace, na goge su duka, na jera su daga doguwa zuwa ƙasa. Masu zuwa gyara sukan leƙa su ce jerin bai cika ba, me zai hana in nemo wata gajeriyar in haɗa. Sai in ce musu tana gida, ana amfani da ita.